Yadda ake ajiye mota mai ɗaki a garejin gida: awon ƙofa da kiyaye lafiyar iyali

Mota mai ɗaki, wato irin motar nan da ake shirya cikinta da gado da wurin girki da tankin ruwa domin matafiyi ya kwana a cikinta, ba ta yawaita a Kumasi ba tukuna, amma ta fara shigowa. Wasu 'yan'uwanmu da suka zauna a Jamus ko Holan suna aiko da ita ta tashar jiragen ruwa ta Tema, wasu kuma suna sayen Sprinter ko HiAce, irin waɗanda ake trotro (motar haya) da su, su kai Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, a cire kujeru a ƙera musu ɗaki a ciki. Mai irin wannan mota yana iya kwasar iyalinsa zuwa tafkin Bosomtwe, ko ya miƙa arewa har Larabanga da gandun dajin Mole, ba tare da ya nemi masauki ba. Sai dai tafiyar 'yan kwanaki ce a shekara, sauran watannin kuwa motar tana ajiye a gida, kuma a bakin gareji, ba a kan titi ba, na ga asarar da ta sa na zauna rubuta wannan bayani.

Kawuna ne abin ya faru da shi, a gidansa da ke wajen Asawase. HiAce mai dogon rufi ya saya, takardarta ta nuna tsayinta mita 2.28, ƙofar garejinsa kuma magini ya bar ta a ƙafa 8, wato mita 2.44. A lissafin baki akwai rarar santimita 16. Ranar da aka dawo da motar daga wurin masu ƙira, ya naɗe ƙofar sama, ya shiga a hankali, sai muka ji ƙarar fashewar gilashi, ƙofar kuma ta gantsare ta fita daga layinta ta gefe ɗaya. Ya fito ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce da ni: "Ɗana, ɗauko tef mu auna." Da muka auna, sai muka tarar ƙarfen ɗaura kaya da farantin sola sun ƙara wa motar santimita 12, ƙarfen gindin ƙofar kuma, ko an naɗe ta iya naɗewa, yana rataye santimita 8 a ƙasan linta, wato kankaren da ya gitta saman ƙofa. Motar ta koma mita 2.40, mashigar kuwa 2.36. Mai waldan da ya zo gyara bai yi mamaki ba. Cewa ya yi: "Alhaji, ai irin wannan ƙofa ba ta shigewa sama gaba ɗaya, tun ranar da aka kafa ta haka take."

Saboda haka aikin farko shi ne mutum ya manta da lambar da ke cikin takarda, ya auna motarsa da hannunsa. Takarda tana ba da tsayin mota yadda ta fito daga masana'anta, kuma amfaninta bai wuce ta nuna ajin da motar take ba: Volkswagen California da HiAce mai gajeren rufi suna kusa da mita 2, Sprinter mai gajeren rufi tana kusa da mita 2.4, mai dogon rufi kuma tana kaiwa mita 2.6 zuwa 2.8 gwargwadon samfurinta. Duk abin da aka ɗora daga baya, kamar tagar iska ta rufi, na'urar sanyaya ɗaki, rumfar gefe da ake naɗewa, tsani, eriya ko manyan tayoyi, ba ya cikin wannan lissafi. A tsayar da motar a daɓen da ya daidaita, a hau tsani a gano abin da ya fi kowane tsini a rufin, a ɗora masa miƙaƙƙen katako wanda ya zarce gefen motar, a daidaita shi da abin awon magina mai ɗigon ruwa a ciki, sannan wani ya auna daga ƙasan katakon zuwa daɓe. A yi wannan awo alhali motar ba kaya, tankin ruwa a bushe, tayoyi kuma cike da iska, domin a wannan hali ne ta fi tsayi. Motar da ta shige lafiya da lodi tana iya kasa fita bayan an sauke kayan, tun da sifirin ɗinta ya saki ta ɗaga. Lambar da aka samu a rubuta ta da mita da kuma ƙafa, a manna kusa da sitiyari inda direba zai riƙa ganinta.

Awon ƙofa ya fi na mota buƙatar natsuwa, domin a nan ido yake yaudarar mutum. Abin da za a auna ba ramin da magini ya bari a bango ba ne. Za a buɗe ƙofar iyakar buɗuwarta, a nemi abin da ya fi saukowa, a auna daga nan zuwa ƙasa. A ƙofa mai naɗewa, wadda ta fi yawa a shagunan Adum da garejojin gidajenmu, abin da ya fi saukowa shi ne ƙarfen gindi da marikinsa da kunnuwan da ake saƙala kwaɗo. Ƙofar da ake ɗagawa ɗungurungum ta kwanta a ƙarƙashin silin takan ci santimita 10 ko fiye daga tsayin mashiga, kuma hannunta yana rataye a tsakiya, daidai inda tagar rufin mota take wucewa. Ƙofa mai gambu biyu da mai zamewa gefe a kan layin ƙarfe ba sa cin tsayi, sai dai a duba firam ɗin sama da sakatar da ke leƙowa daga gare shi. A auna a hagu, a tsakiya da dama, domin ba kowace linta ce take miƙe ba, daɓen ma yakan karkata don ruwa ya gangara; lamba mafi ƙanƙanta ita ce ta gaskiya. Daga nan a shiga ciki a bi hanyar da rufin motar zai bi har bangon ƙarshe, a duba kankaren da ya gitta silin, ƙwan lantarki, fanka, bututun ruwa, injin ƙofa da layinsa. Haka kuma a waiwayi get ɗin gida, domin da yawa suna da baka ko ƙarfen ado a sama, ga wayar lantarki da ke ratsa tsakar gida da reshen mangwaro.

Akwai wani abu da tef ba ya nunawa kai tsaye, kuma a gari mai tudu da kwari kamar Kumasi bai kamata a tsallake shi ba, wato gangaren da ke bakin ƙofa. Idan gidan yana ƙasa da titi, ana gangarowa kafin a shiga gareji, to lokacin da tayoyin gaba suka sauka a daɓe, na baya suna kan tudu, tsakiyar rufin kuma yana ɗagawa daidai ƙarƙashin linta. Lissafinsa mai sauƙi ne: a ɗauki nisan da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, a raba shi huɗu, a ninka da yawan gangaren. Sprinter matsakaiciya tana da kusan mita 3.66 tsakanin tayoyinta. Idan hanyar tana sauka santimita 10 a kowace mita, rufin zai ɗaga kusan santimita 9 a bakin ƙofa. Wannan kaɗai ya isa ya cinye rarar da mutum yake taƙama da ita. Idan kuma hawa ake yi daga kwalbatin bakin titi zuwa gareji, matsalar takan koma ƙasa, inda cikin mota ko tankin ruwa ko matakala ke gogar kankare. Wanda kuma ya hau da baya, ƙarshen rufinsa yakan ɗaga bayan ya shige ƙofa, ya taɓa abin da ke rataye a ciki. Maganin duka biyun shi ne a gyara gangaren yadda za a sami shimfiɗaɗɗen wuri a gaban ƙofa, wanda tsawonsa ya kai nisan tayoyin motar, in fili ya bari.

A ganina rarar da ta gaza santimita 15 tsakanin ƙololuwar mota da abin da ya fi saukowa ba rara ba ce, kuma inda akwai gangare sai a ƙara abin da lissafin ya bayar. Ɗan dutse a ƙarƙashin taya, ko girgizar mota yayin da ta haye ƙarfen bakin ƙofa, ko ƙofar da ta zamo kaɗan bayan an saki hannu, kowannensu yana cin 'yan santimita. Faɗi da tsawo ba su da wuyar sha'ani. Sprinter da madubanta a buɗe ta haura mita 2.3, don haka ƙofa mai faɗin ƙafa 8 ta yi mata ƙunci, mai ƙafa 10 ta fi dacewa. A bar wurin da mutum zai ratsa ta gefen ƙofar direba da ta baya ba tare da ya goga jikinsa da bango ba, a kuma kafa katako ko dogon bulo a daɓe inda tayar gaba za ta tsaya, domin kada a dogara da ido wajen sanin cewa bayan motar ya wuce layin ƙofa.

Idan awo ya nuna motar ba za ta shiga ba, dabaru biyu ne suka fi saurin zuwa wa mutane, kuma duka biyun ina hana su. Ta farko ita ce sace iskar taya domin motar ta dusa. Tayar da ta yi makonni a saɓule ƙarƙashin nauyin tan biyu ko uku tana lalacewa ta gefe, kuma wata rana wani zai cika ta a cikin gareji ya manta dalilin da ya sa aka rage. Ta biyu, wadda ta fi muni, ita ce a kira birkila ya sassaƙe linta. Linta ita ke ɗauke da bulon da ke samanta, wani lokaci har da ɗakin bene, kuma rodin da ke riƙe ta yana kusa da fuskarta ta ƙasa, daidai wurin da guduma za ta fara ci. Ɗaga linta aiki ne da injiniyan gini zai duba, a tokare ginin kafin a taɓa, a kuma nemi izinin majalisar yankin. Mazauna Asawase da Aboabo suna ƙarƙashin ta Asokore Mampong. Sauƙaƙan hanyoyi su ne a ɗaga akwatin naɗin ƙofar zuwa saman linta idan akwai wuri, ko a musanya ta da mai gambu biyu, ko a sauya ƙarfen rufin da gajere. Rage tsayin daɓe yana yiwuwa, amma yana gayyato ruwan sama cikin gareji, kuma duk wanda ya zauna kusa da rafin Aboabo ya san abin da ruwan watan Yuni yake yi. Sau da yawa abin da ya fi araha kuma ya fi lafiya shi ne rumfar kwano mai tsayin ƙafa 10 ko 11 a tsakar gida, wadda iska ke ratsawa ta kowane gefe. Ita kawuna ya yi a ƙarshe.

Ita kanta ƙofar abin tsoro ce, musamman in an ƙara mata tsayi, domin nauyinta ya ƙaru. Abin da ke sa mutum ɗaya ya iya ɗaga ta shi ne sifirin da aka murɗe da ƙarfi a samanta. Na ƙofofin da ake shigowa da su daga waje yawanci an yi shi ne don buɗewa da rufewa sau 10,000, wanda a gidan da ake buɗewa sau huɗu a rana bai wuce shekara bakwai ba, tsatsar damina kuma tana rage masa kwana. Gwajinsa shi ne a ɗaga ƙofar da hannu zuwa rabi a saki a hankali: in ta tsaya, sifirin yana da ƙarfi, in ta zamo ƙasa, a kira mai gyara, kada a tokare ta da sanda a ci gaba da shiga da fita. Kada mai gida ko yaronsa ya sa sifana a wannan sifirin, domin in ya kuɓuce yana karya hannu ko ya fasa fuska. Abin da ya rage wa mai gida shi ne share ƙurar hunturu daga layin ƙofa, shafa mai a gaɓoɓi, da duba igiyoyin ƙarfe ko sun fara tsinkewa.

Ƙofa mai inji da rimot tana da nata sharuɗɗa. A Amurka tun shekarar 1993 doka ta wajabta wa irin waɗannan injuna na'urar da ke hana ƙofa danne mutum, bayan yara da dama sun rasu a ƙarƙashinta, kuma wadda aka fi sani ita ce ƙananan idanu biyu da ake kafawa a gefen ƙofa, ba sama da santimita 15 daga ƙasa ba. Duk wanda zai sa inji a nan ya nace a haɗa masa da su. Sau ɗaya a wata a shimfiɗa katako mai kaurin santimita 4 ko 5 a bakin ƙofa a danna rufewa; da ta taɓa shi dole ta koma sama, in ba ta koma ba a cire injin daga wuta har a gyara. Masu dogayen motoci su lura cewa hasken idanun yana iya bi ta ƙarƙashin mota tsakanin tayoyi, injin ya ɗauka ba kowa, ya sauko da ƙofa a kan rufi. Don haka a ƙara wasu idanun a daidai ƙugun mutum, a kuma kashe tsarin rufewa da kanta bayan 'yan daƙiƙoƙi. Makunnin bango ya kasance a tsayin mita 1.5 inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kowane babba a gidan ya san igiyar da ake ja a raba ƙofa da inji ranar da aka ɗauke wuta, ya kuma san cewa ana jan ta ne lokacin da ƙofar take rufe, domin in tana sama kuma sifirin ya gaji, faɗowa za ta yi gaba ɗaya.

Wajen shiga, na fi son a shiga da gaba, saboda direba yana ganin linta, salansa kuma tana fuskantar waje. Farashin wannan shi ne fita da baya, don haka kada a motsa motar sai wani babba ya tsaya a inda direba ke ganinsa ta madubi, an kuma ƙirga yaran gidan an san inda kowannensu yake. A gidajenmu na zango, inda 'ya'yan maƙwabta ke shiga da fita ba sallama, wannan ƙirga ba ƙaramin abu ba ne. Bayan an ajiye motar a kulle ta a ɗauke makulli, domin ɗaki mai gado da labule yana jan yara su ɓuya, zafin cikin rufaffiyar mota kuma yana galabaitar da yaro cikin ɗan lokaci.

Da an tsaya a kashe inji nan take. Al'adar tayar da mota a bar ta tana ɗumi a cikin gareji tana da haɗari ko da ƙofa a buɗe take, domin hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma bi ta ƙarƙashin ƙofa da ramukan silin ta shiga ɗakunan kwana. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da a nan kowa zai ce zazzaɓin sauro ne ya nemi magani ya kwanta, a cikin iskar da ke cutar da shi. Idan mutane biyu ko uku suka ji haka lokaci ɗaya, a fita waje a buɗe ko'ina, a tafi asibiti. Hukuncin janareta ɗaya ne da na mota: ba a kunna shi a gareji. In garejin yana manne da gida, ƙaramar na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska ta cancanci kuɗinta.

Sai gas ɗin girki, wanda shi ne babban bambancin mota mai ɗaki da sauran motoci. Ya fi iska nauyi, don haka in ya tsiyaya ba ya tashi sama ya watse. Kwanciya yake yi a daɓe, ya taru a rami da kwata da duk wani lungu mai zurfi, yana jiran tartsatsi. Wanda ya tuna fashewar da ta auku a Atomic Junction kusa da Madina a Accra ranar 7 ga Oktoba 2017 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan ƙarfinsa. Kafin motar ta shiga gareji a rufe gas daga kan tukunya, a kashe firijin da ke aiki da gas domin yana da ɗan harshen wuta a bayansa, kuma in ajiyar za ta wuce kwana biyu a cire tukunyar, ko mai kilo 6 ce ko mai 14.5, a tsayar da ita a inuwa a waje inda iska ke kaɗawa. A riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo a ga ko zai yi kumfa, tiyon da ya tsattsage kuma a sauya shi. Garejin yana buƙatar bulo mai huda a ƙasa kusa da daɓe saboda gas, da wani a sama saboda iskar haidurojin da batir mai ruwa ke fitarwa yayin caji. In aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin fitila, kada a danna rimot, kada a tayar da mota. A buɗe ƙofa da hannu, a fitar da kowa, a kira 'yan kwana-kwana a 192 ko 112 daga waje. Tukunyar kashe gobara a rataye ta kusa da mafita, ba can ƙuryar da sai an ratsa wuta kafin a kai gare ta ba.

Sauran hidimar ba ta da yawa. Farantin sola ba ya caji a ƙarƙashin rufi, don haka a cire kan batir ko a riƙa yi masa caji lokaci-lokaci daga soket mai wayar ƙasa wanda ma'aikacin lantarki mai lasisi ya haɗa, ba doguwar wayar da aka jawo daga falo ba. A zubar da ruwan tankuna, a bar ƙofar firiji a buɗe, a jingine katifu, domin damina biyu da Kumasi ke samu a shekara tana sa komai ya yi fumfuna. Kada a bar ko ƙwayar gyaɗa a ciki saboda ɓeraye, waɗanda in sun gama da abinci sai su koma kan wayoyi. A daɓe madaidaici a sa giya a tokare tayoyi da waji maimakon a bar birkin hannu a ɗaure wata da watanni, tun da yakan liƙe, kuma duk mako biyu a fito da motar a zaga da ita.

Duk lokacin da aka ƙara wani abu a rufin, ko aka sauya tayoyi, ko aka gyara ƙofa, a sake awon daga farko a gyara lambar da ke kusa da sitiyari. Ranar dawowa daga arewa kuwa, in an tsaya a Techiman an ɗaura doya ko buhun gawayi a sama, a sauke su a waje tun kafin a buɗe get, domin direban da ya kwaso gajiyar hanya ba zai tuna cewa motarsa ta ƙara tsayi ba.